Na'urar Karatuna a Jirgin Baba

Babana yana gyaran na'urorin sanyaya ɗaki daga Litinin zuwa Juma'a, ran Asabar kuma yana tuƙa jirgin sama marar inji. Wani ƙaramin jirgi ne ke jan nasa da igiya har sama, ya sake shi, sai ya yi ta neman iska mai ɗumi da za ta ɗaga shi. Kujera ɗaya ce a ciki. Daga gidanmu na McLeansville zuwa filin tafiyar fiye da awa guda ce a mota, kuma har na shiga aji bakwai ban taɓa ganin wurin ba. Na dai san yana fita bayan asuba, ya dawo da yamma da ɗanyar ciyawa a takalminsa.

A shekarar ne ya fara neman allon da zai manna a gabansa cikin jirgin, wanda zai nuna masa taswira, da nisansa daga fili, da ko tsayin da yake kai zai ishe shi komawa. Wayarsa ba ta yi ba. Rana na dukanta ta cikin gilashin jirgin sai rubutun ya dushe, wata rana ma ta yi zafi ta mutu yana sama.

Wata Lahadi da azahar ya jera na'urori uku da ya aro a kan bonet ɗin mota, ya sa tabaransa na rana. Ta farko fuskarsa kawai ta nuna masa. Ta biyu da ya juya ta a kwance sai ta koma baƙa ƙirin. Ta uku ta fi wurin da zai sa ta girma.

Mama ta leƙo ta taga. "Malam, mutum ya bar ƙasa da ƙafarsa, ba inji ba mai, sannan ya zo yana neman mai nuna masa hanyar gida?"

"Hajiya, ke da kike ɓata a wurin ajiye motoci na kanti?"

"Ni in na ɓata ai a ƙasa nake."

Ina zaune a kan matakala, ina karatu. Ina da wata 'yar na'urar karanta littattafai mai allo fari da baƙi kamar takarda, kyautar Sallah. Ita ce abokiyar zamana. A makaranta, lokacin cin abinci, ƙarshen tebur nake zama kusa da ƙofa, in jingina ta da kwalin madara. In kana kallon allo ba wanda zai lura ba ka da abokin hira. Akwai karcewa a kusurwarta ta dama, tun ranar da ta faɗi a motar makaranta.

Baba ya juyo ya daɗe yana kallona. Na ji daɗi, har na gane ba ni yake kallo ba.

"Uwata, kawo in gani." Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake kirana haka.

Ya ɗaga ta cikin rana, ya juya ta hagu da dama. Rubutun ƙara fitowa ma ya yi. Ya ce wani tsoho a filinsu ya iya buɗe irinta, ya liƙa mata wani ɗan ƙarfe mai gane inda mutum yake, ya zuba taswira. Sai dai littattafan duk za su goge. Ya miƙo mini. "A'a, taki ce. Riƙe abinki."

Kwana huɗu ina juya maganar. Ran Alhamis na rubuta sunayen littattafan a bayan littafin lissafi, da shafin da na tsaya a kowanne. Da safe na ajiye na'urar a kan hularsa. Ya tambaye ni ko da gaske nake. Na ce, "In zan riƙa bin ka filin."

Bayan mako biyu muka tafi. Ni na riƙe ta a cinyata. An manna mata wani ƙullutu a baya, daidai inda yatsuna suka saba zama. Baba ya yi ta magana a hanya, kan gajimare, kan wurin da ba a yarda ya shiga ba kusa da babban filin jirgin Greensboro, kan ungulayen da yake bi in ya ga suna zagaye. Ban taɓa jin ya yi mini magana mai tsawo haka ba.

Sannan aka rufe gilashi a kansa, igiya ta miƙe, ya tafi.

Na zauna a ƙarƙashin rumfa. Wata mata ta ba ni ruwa, ta tambayi sunana, ta maimaita shi ba daidai ba, na ce e. Sau uku hannuna ya shiga jaka ya fito ba komai. Na ƙirga tururuwa a ƙafar benci. Na bi wani ɗigon fari a sama har wuyana ya ƙage, daga baya aka ce mini ba nasa ba ne.

Da la'asar ya sauka, fuskarsa da shatin tabarau. "Uwata, ras nake gani! Zo ki duba." A kan allon akwai siririn layi mai lanƙwasa, da ƙananan zagaye inda ya tsaya hawa. Karcewar tana nan, ta ratsa wani tafki.

Ran Litinin na aro littafin takarda a laburaren makaranta. Ba ya tsayuwa a jikin kwalin madara, sai na riƙe shi da hannu ɗaya. Har yanzu a ƙarshen teburin nake zama. Ran Asabar kuma ina da awa guda zuwa, awa guda dawowa, na'urar a cinyata, Baba yana magana. Abin da ke tsakani ina jira ne a rumfa.