Gammo Daga Tukunyar Hajjo

Hannun Na'Allah yana kai da komo a kan gilashi, sau ashirin gaba, sau ashirin gefe, sannan ya ɗaga ƙarfen ya hura. Haka yake buɗe kowace safiya a ɗakin kayan aikinsa da ke bayan tashar Sabon Birni. Sai ya shimfiɗa samfefa a kan wani tsohon gilashin taga, ya ɗiga ruwa, ya goga duk abin da ke jiran guga. A shekarar da nake magana, ruwan ma da murfin kwalba yake auna shi.

Bakanike ne tun yana saurayi. A Maraɗi ya koyi aikin, shi ya sa har ya yi furfura bai daina ce wa sifana kile ba. Da motocin da ba su da kafireta suka fara shigowa ta Nijar, irin waɗanda nozil ke zaune bisa maƙogwaron inji yana fesa fetur ƙasa, abokan sana'arsa sai su tsige kayan su ɗaura kafireta su huta. Shi kuwa ya zauna ya yi ta kallon feshin. Ya gane cewa idan nozil ya zauna ƙasa da yawa, fetur bango yake duka, iska ta rasa hanya, mota ta sha mai ta kuma shaƙe a cikin yashi. Sai ya ƙera wani ɗan faifan alminiyam mai kaurin kwabo uku, ya huda masa hanyar fetur da ta kusoshi, ya sa shi ƙarƙashin mazaunin nozil ya ɗaga shi. Ya raɗa masa suna gammo, har direbobin garin Isa suka san sunan.

Gammo ba ya son gaggawa. Fetur ta cikinsa yake bi, in fuskarsa ba ta kwanta sumul ba, fetur zai tsiyaya a kan inji mai zafi, sauran labarin kuma na wuta ne. Don haka Na'Allah yakan shafa baƙin fitila a gilashi ya kifa gammon a kai. In baƙi ya kama ko'ina, aiki ya ƙare. Kwana biyu yake ɗauka, bai taɓa kai uku ba.

A wannan shekara damina ta yi sallama tun gero bai fid da kai ba, abin da ya saura fara ta lashe. Gulbi ya zama hanyar jakuna. A Tsamaye, garin su Na'Allah, rumbuna suka tsaya baki buɗe kamar masu hamma. Ƙanensa Illo, wanda matarsa ta rasu ta bar masa yara huɗu, ya yanke shawarar bin wasu gidaje uku zuwa ƙasar Nufawa, inda aka ce ana ba baƙo gona. Mahaifiyarsu Hajjo ta ce da ita za a tafi. Na'Allah ya aika a gaya mata ga ɗaki a gidansa. Ta aiko da amsa cewa gidan da ke da baki tara ba ya neman na goma, yaran Illo kuma ba su da mai dama musu kunu.

Motar da za ta kwashe su ta wani direba ce, Sodangi, tsohuwa mai buɗaɗɗen baya. Da kaya ba ta iya haye yashin Gatawa, man da aka haɗa kuwa ba zai kai su rabin hanya ba in ta ci gaba da shan da take yi. Gammo take nema. Sai dai mai zubin tukwane na kasuwa ya ce ba shi da ƙarfen kirki, don duk tsohon alminiyam an kwashe an musanya da hatsi. Kwana biyu bayan haka Illo ya iso da wata babbar tukunya. Na'Allah ya gane ta tun daga nesa, da lotsawar gefenta. A cikinta aka yi tuwon sunansa, in ji manya, a cikinta kuma aka yi na aurensa.

"Inna ta ce a narke," in ji Illo. "Ta ce ba abin da za ta dahwa ciki bana."

Aka narke. Na'Allah ya yanka, ya gyara da magagari, ya huda. Rana ta biyu da hantsi baƙin fitila ya kama ko'ina. Ya daɗe yana duban abin, sannan ya goge baƙin da bakin rigarsa ya mayar da shi kan samfefa.

Kwana shida yana guga. Kullum Sodangi sai ya leƙo.

"Maigida, gammo kake yi ko madubin amarya?"

"In kana son ka gasa mutane bisa hanya, ɗauka."

"Ni dai na san kwana biyu kake yi. Ko na motar kwanan baya kwana biyu anka yi. Wanga mi ya same shi?"

"Ƙarhen tukunya ne, shina da rami."

Ba shi da rami ko ɗaya. Gidajen ukun kuwa, tare da Illo da yaransa da Hajjo, sun riga sun baro Tsamaye, suna zaune a rumfar tasha da ƙullin kayansu, suna cin guzurin hanya tun hanya ba ta fara ba. Na'Allah ya sani. Ta gabansu yake wucewa zuwa masallaci, kansa a ƙasa. Ya kuma san Hajjo ta haura saba'in, wanda ya tafi ƙasar Nufawa a wannan shekarun ba ya dawowa ganin gida.

Safiya ta bakwai inuwa ta tare ƙofa, ya ɗaga kai ya ga Hajjo ce, da sandarta. Shi ne ɗanta na fari, saboda haka tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa zama ta yi hira da shi ba. Ya miƙe ya durƙusa.

"Inna, ina kwana."

"Lahiya lau." Ta dubi bango, inda ya rataye kile-kilensa. "A gaya wa mai ɗakin ga garin da munka taho da shi ya kusa ƙarewa. Ƙaramar Illo tun jiya take kuka."

"Saura kaɗan, Inna."

"Mu gani."

Ya miƙa mata da hannu biyu. Ta juya shi, ta bi fuskarsa da babban yatsa a hankali, yadda take gwada laushin gari. Ya ga yatsan ya tsaya, ya sake zagayawa.

"Shekara hamsin ina kankare ta, ban taɓa sa ta yi haske haka ba," ta ce, har yanzu bango take kallo. "Ya isa. In anka ƙara, ba abin da za ya saura."

Gaskiya ta faɗa, ko da yake ba ta san aikin ba. Ya ɗauko kwabbansa uku ya jera a gefen gammon. Kaurin ya ragu, saura ƙiris ya gaza. Wuni ɗaya kuma a kan samfefa, da sai a nemi wata tukunya, babu kuwa wata.

Ta juya za ta fita, sai ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ya ci abinci da sahe?" ta tambayi ƙyauren.

"Za ni ci, Inna."

Ta tafi. Ya saurari ƙarar sandarta har ta ɓace cikin hayaniyar tasha. Ya yanka gaskit biyu na hana tsiyaya daga kwali mai kauri, na farko ya yage ya sake wani. Ya shafa baƙin fitila ya gwada sau ɗaya, don kada a ce bai gwada ba. Ya kama ko'ina.

Daga waje Sodangi ya ɗaga murya, "Maigida, yau ma madubi?"

"Buɗe bonet," in ji Na'Allah.

Ya naɗe gammon a tsumma, ya zari kile mai lamba goma, ya bar gilashin da ruwansa bai bushe ba, ya fita.