Motar da Gwaggo ba ta samu shiga ba

Jiya a kasuwar Makarfi, Gwaggo Asabe, ƙanwar babana, ta tsaya cak gaban mai gwangwan. Zai fasa wata tsohuwar motar wasa, irin wadda yara ke shiga, a jefa mata kwabo ta yi ta rawa.

Ashe tana yarinya ta ga irinta a Kaduna. Yayyenta maza suka shiga, ita aka bar ta da riƙon takalmansu.

"Malam, dakata da gudumar nan!" in ji ta. Ta tattare zani ta shige, gwiwa har haɓa.

Na ce, "Gwaggo, ana kallonmu!"

"Su kalla mana. Girgiza ni, 'yar nan, shekara arba'in nake jiran layina!"

Na rufe fuska da hijabi na girgiza ta, tana ta ƙyaƙyata dariya.

Ku fa, wane wasa ne ya wuce ku kuna yara?