Akwatin Baffa Sale da Zabuwar Iya

A gidanmu na Dandamisa, da an gama tuwon dare sai mu kewaye murhu. Iya, kakarmu ta wajen uba, ta miƙe ƙafa tana ɓarar gyaɗa, kuma ba ta buɗe baki sai kowa ya yi tsit.

Ina 'yar shekara goma Baffa Sale, ƙanen babanmu, ya kawo wata 'yar kwamfuta mai kama da akwati daga Zariya, ba ta fi tafin hannu ba, ana jona ta da talabijin. A cikinta ya zuba bidiyon sunan ɗan Gwaggo Rabi, autar Iya da ke aure a Fatakwal. Iya ba ta taɓa ganin yaron ba, ga ciwon ƙafa ya hana ta tafiya. Sai akwatin ya ƙi buɗe bidiyon, wai sai an sabunta manhajar da ke tayar da shi.

Kullum Baffa ya dawo daga gonar rake zai jona shi da batirin sola, wani shuɗin layi ya fara rarrafe a talabijin, alamar sabuntawar ta kankama. Ya tafi sallar magariba, ya dawo ya tarar da allo baƙi ƙirin. Ya canja waya, ya canja kati, ya hure ramukan da baki, duk a banza. A rana ta uku mai gyara a Maƙarfi ya gargaɗe shi cewa in aikin ya sake yankewa a tsakiya, akwatin zai iya mutuwa da duk abin da ke cikinsa.

Daren nan Iya ta dube shi ya yi tagumi, ta ce, "Ku matso, ga wata ta zo." Ta ba mu labarin wata zabuwa mai kwanci, wadda ko ganye ya motsa sai ta tashi ta bar ƙwanta ya huce. Damina ta wuce, 'yan'uwanta na yawo da 'ya'ya, ita kuwa tana zagin ƙwai wai sun cika taurin kai.

"Kai ne zabuwar nan, Sale," in ji ta. "Ba ka bar abu ya nuna."

Ni kuwa bakina bai iya riƙe magana ba. Na ce, "Iya, ai ke ce kike zare soket ɗin in an kira salla."

Dokarta ce tun zamanin rediyo, ba abin da zai kasance a kunne ladan yana kira. Ta tsaya da gyaɗa a hannu, ta ce, "La ilaha! Ashe ni ce zabuwar?" Muka yi ta dariya har Baffa ya ƙware.

Washegari da kanta ta shimfiɗa dardumarta a bakin ƙofar ɗakin da talabijin yake, ta kafa sandarta, ta ce duk wanda ya kusanci wayar nan zai sha duka. Tana sallamewa layin ya cika. Akwatin ya mutu, ya sake tashi da kansa, sai ga jariri dunƙule cikin farin tawul.

Yau ina da 'ya'yana, kuma na gane abin da ya fi wuya shi ne babba ya yarda a gaban yara cewa shi ya ɓata. Iya ta yi shi da dariya. Har yanzu ina ganin ta durƙushe gaban talabijin, hawaye na zuba, tana cewa, "Sannu da zuwa, maigidana. Ka yafe mini, ni na tsare ka a waje kwana uku."