Tsakuwar Goggo a Mina

Ƙarfe goma daidai ne a agogon Makka na wancan zamani, wanda ake ƙirgawa daga faɗuwar rana, wato saura awa biyu a kira magariba. Mu huɗu ne a tsakar gidanmu, a unguwar Makka da yanzu ake ce wa Mansur: ni, da mai ɗakina, da Yaya wanda ya zo hutu daga aikinsa na kamfanin man fetur a gabas, sai Goggo, ƙanwar mahaifinmu. Saura wata ɗaya a hau Arfa.

Goggo ta shekara shida a hanya, ta Chadi da Sudan, tana daka da ɗaukar ruwa tana ciyar da kanta. Wannan aikin ne ya cinye mata kafaɗu. In ta ɗaga hannu ba ya wuce ƙirjinta.

Ni tela ne, ina son abu a kan tsari. Na ce, "Goggo, maganar jifa mai sauƙi ce. Shari'a ta yarda mara ƙarfi ya wakilta wani. In jefa nawa, in jefa naki, halas."

"Halas a gidan wa?" in ji ta. "Na tako tun daga Katsina, sai in zo in miƙa maka tsakuwata? Kai da allura kaɗai ka iya riƙewa?"

Yaya ya yi dariya har ya ƙware da shayi. Sai ya ce ya san wani mutum. Yaya ba ya ba da labari a jere, ni ne na shirya shi kamar haka.

Mutumin baƙi ne kamar mu, daga ƙasar Dominika, a wani tsibiri can wajen Amurka, kuma shi ne kukun da Yaya ke aiki a ƙarƙashinsa. Da farko a gonar rake ya tashi, yana kaɗo mangwaro da dutse. Daga nan ya shiga wani wasa nasu: mutum ɗaya ya jefo ƙwallo mai tauri, wani ya tare ta da kulki, gwanin majefi kuwa shi ne wanda ake kasa dukan ƙwallonsa. Ya ƙware har jifa ta zama sana'arsa, ana yawo da shi gari-gari. Sai kafaɗarsa ta lalace, hannun ya daina hawa sama, kowa ya ce tasa ta ƙare. Bai yarda ba. Ya koyi jifa ta gefe, daga wajen ƙugu, ya ƙara wasu shekaru a fili kafin ya koma girki. Ranar hutu yana koya wa Yaya a bayan ɗakin girkin.

Goggo ta ce, "Ƙato da gemunsa ake biya don ya yi jifa?"

"Ana biya, Goggo."

"To tashi in gani."

Yaya ya miƙe, ya juya gefe, ya ɗaga ƙafar hagu har kusan ƙirjinsa.

"Sauke ƙafar nan, ja'iri! Ni da zanina zan yi wa mutanen Mina haka?"

Aka cire ɗaga ƙafa daga darasin tun a ranar.

Ni dai ban gamsu ba. Washegari bayan azahar na sami wani malami a Harami na tambaye shi. Ya ce sharaɗi biyu ne: a jefa tsakuwar, ba a ajiye ta ba, kuma ta faɗa cikin da'irar da ke kewaye da ginshiƙin da ake jifa. Na ce ko da ta gefe ne? Ya ce, "Ya shehi, wa ya ce maka sai hannu ya taɓa sama?"

Tunda ya halatta, na karɓi tsarin a hannuna. Kullum bayan la'asar mai ɗakina ta gasa wa Goggo kafaɗa da tsumma mai zafi, ta shafa man riɗi. Na ajiye daro taku uku daga inda za ta tsaya. Ƙwallayen dabino ne tsakuwarmu. Yaya yana gefe yana cewa, "Taka da hagu, juya ƙugu, saki." Ni ke ƙirga, ni ke tsayarwa, domin dokar kukun ita ce a daina tun kafaɗa ba ta yi ƙorafi ba.

Jifar farko ta bar daron, ta same ni a goshi.

Goggo ta ce, "Ka gani? Hannun ya san inda zai je."

Ban yi dariya ba a lokacin. Sauran sun yi.

Mun fara da uku a rana. Ta so ta ƙara, na hana, muka yi ta rigima. Abin da ke gabanta bakwai ne ranar Salla, sai ashirin da ɗaya-ɗaya a kwana biyu na biye. Ana saura kwana biyu mu fita Mina ta zuba ashirin da ɗaya cikin daro, babu kuskure. Na ce shiri ya cika.

Bai cika ba. A tsakar gida babu cunkoso, jifa ta gefe kuwa tana son fili a dama. Da hantsin ranar Salla, muna gaban babban ginshiƙi, Goggo ta yi kabbara ta kaɗa hannu, sai ya bugi tumbin wani ƙaton alhaji mai jan gemu. Tsakuwar ta faɗi a ƙafarta. Na miƙa hannu na ce, "Goggo, ba ni kawai." Ta dunƙule sauran a tafinta, ba ta ko dube ni ba.

Mai jan gemu ba ya jin Hausa, ba ya jin Larabci. Yaya ya nuna masa kafaɗarta, ya kwatanta jifar. Mutumin ya gyaɗa kai, ya juya baya, ya buɗe hannuwa. Shi da Yaya suka tokare jama'a kamar bango. Na ba ta tsakuwa daga cikin na ajiya. Ta taka da hagu, ta juya ƙugu, ta saki. Ta faɗa ciki. Na ƙirga da ƙarfi har bakwai.

Rana ta biyu ta wuce lafiya. Rana ta uku tsakuwar ƙarshe ta bugi bakin da'irar, ta yi tsalle, ta gangara ciki. Arba'in da tara, duka da hannunta. Ta kakkaɓe tafi ta ce min, "Tela, koma wajen allurarka."

Da Yaya ya koma bakin aiki ya ba kukun labari. Abu ɗaya kukun ya tambaya: ko mun gasa kafaɗar bayan an gama. Mun gasa.

Roƙona gare ka mai karatu: in ka raka tsoho Mina, kada ka miƙa hannu ka karɓi tsakuwarsa kamar yadda na yi. Ka fara tambayarsa, in ya ce zai jefa, ka tsaya a damansa ka buɗa masa wuri.