Fitilar da Inna Ta Fuskanta

Yayana ne ya kai Inna gidan kula da tsofaffi, wata huɗu bayan ta fara mance sunayenmu. Bai yi shawara da ni ba. Ya kira ni a waya ya ce an gama takardu.

A unguwar Jarwal, kusa da Harami, Inna ta yi rayuwarta, kafin a rushe layinmu mu koma unguwar Rusaifa. Tagar ɗakinta na da tana kallon Harami. Ba ta taɓa tambayar kowa alƙibla ba. Inda farin hasken Haramin yake, nan take shimfiɗa sallaya.

A gidan tsofaffin akwai wata fitila mai faɗi kamar faranti, fara tas. Kullum bayan karin kumallo ake zaunar da Inna gabanta na rabin awa. Likita ya ce tana daidaita barci, tana rage ƙunci, wataƙila ta taimaki tunani. Ba zan yi wa fitilar ƙarya ba. Inna ta koma barci kan lokaci, kukan da take yi da yamma ya ragu.

Wata Talata na je da wuri, na same ta tana sallar walaha a kan kujera. Fuskarta tana ga fitilar, bayanta yana ga Ka'aba. Na jira ta sallame.

"Inna, alƙibla tana can," na ce.

Ta dube ni kamar baƙuwa. "Ke 'yar nan, ba ki ganin Harami?"

Na je wurin shugabar masu jinya na roƙi a mayar da fitilar ɗaya bangon. Ba ta ɗago daga wayarta ba. Ta ce soket yana wannan bangon, kuma taɓa kayan likita mamnu'u ne, an hana. Na tambaya tun yaushe Inna take sallah haka. Ta ce ba aikinsu ba ne lura da sallah.

Na kira Yaya.

"Halas, ya isa haka, ki bar mutane su yi aikinsu," ya ce. "Ai Inna an ɗauke mata alƙalami. Ko ke ce za ki yi mata hisabi?"

"Yaya, matar da ta tsufa tana kallon Ka'aba."

"To ki ɗauko mata Ka'abar."

Na san Allah ba zai kama ta ba. Ba abin da na tambaya ke nan ba.

Na sayi doguwar wayar wuta a wani shago a Rusaifa, na mayar da fitilar bangon alƙibla. Washegari na tarar an cire, wai wani zai yi tuntuɓe. Daga nan sai na riƙa zuwa da ita a jaka kowace safiya. In jona, in matsar da fitilar, Inna ta yi sallarta, in naɗe wayar in tafi da ita. Shugabar tana wucewa ba gaisuwa. Ni ma ban gaishe ta ba. Mun yi mako bakwai a haka.

Sai zazzaɓi ya kwantar da ni. Na aika wa Yaya wayar wutar a leda, na yi masa bayani dalla-dalla, har yadda ake juya kujerar. Ya ce to.

A rana ta uku Inna ta rasu, gab da azahar.

A zaman gaisuwa na ji shi ta bayan labule yana gaya wa maza irin kulawar da ta samu, har da fitilar zamani. Da aka watse ya miƙo mini ledar daga aljihun motarsa. Wayar tana naɗe yadda na naɗe ta, da ƙullin da ni kaɗai nake yi.

Ban tambaye shi ba. Muna gaisawa ranar Idi.