Injin Yaya Mani a Hannun Kwastan

Kowa a Bodinga ya san Yaya Mani, yayana, ba ya yar da takarda. Ta rigakafin shanu, ta ɗaurin aure, duk cikin hularsa suke, har kansa ya ƙara tsawo.

Zamanin farar hula, da tsuke bakin aljihu ya kama, surukinsa ɗan garin Shagari ya aiko masa injin ban ruwa daga waje. Albasarsa na ƙishi a fadama, injin kuwa 'yan kwastan suka riƙe. Muka tafi ofishinsu tare.

Jami'i ya ce, "Baba, ina lasisin shigo da kaya?"

"Lasisin mi, ɗana? Kaya dai ga su nan, sun shigo!"

Ya tuɓe hula ya zazzage ta bisa tebur. Bawan Allah ya ɗaga ɗaya, ya ce, "Wannan ai ta rigakafin shanu ce."

"To, ba hatimin gwamnati na ba?"

Na ja shi gefe, na ce, "Yaya, mu nemi ejan mai fitar da kaya, ko wani ɗan jam'iyya ya sa baki."

"Ni ban da jam'iyya sai albasa."

Aka ba shi fom. Wurin ƙasar asali ya ce in rubuta Bodinga. Jami'in ya dafe kai. "Injin muke tambaya, Baba, ba kai ba."

"Tun da nawa na, ɗan Bodinga na!"

Kai, Yaya Mani! Tabarma ya shimfiɗa a ƙofar siton da suka ajiye injin. Kullum da safe ya gaida injin, ya tambayi ma'aikata ko ya kwana lafiya. Sai da babbansu ya gaji, ya zauna da kansa ya cike masa takardu.

Ranar da muka iso gida da injin, ranar aka yi ruwan farko. Albasa ta daɗe da ƙonewa, ga fetur babu ko ɗigo. Mutane suka taru suna masa barka suna danne dariya. Shi kuwa ya rufa wa injin bargo, ya ce, "Ku bar shi shi huta, ya sha tahiya."

Da rani ya zagayo, ba lambun da injin nan bai shayar ba a fadamarmu, nasa na ƙarshe. Allah ya jiƙan Yaya, ya sanyaya masa makwanci, ya sa ya wuce ba tambaya mai tsanani. Amin.