Igiyar Sarkin Baka

Ko da zan manta sunayen jikokina, kuma na riga na fara, ba zan manta aiken da Sarkin Bakan garinmu ya yi mini zuwa Guangzhou ba.

Ni da mutumin nan tare muka taso, tare aka kore mu daga aji huɗu, shi ya bi daji ni na bi kasuwar takalma. A shekarar da abin ya faru, ya fita farauta da jama'arsa, zabuwa ta tsaya a gabansa kamar an ɗaure ta, ya harba ya kuskure. Har sau biyu. Samarin maharba suka fara ƙus-ƙus cewa lokaci ya yi da zai miƙa sarautar. Shi kuwa ya rantse laifin bindiga ne.

Ana jibi zan tashi sari, sai ga shi a zaurena da bindigar da ya gada wurin mahaifinsa.

"Abu uku za ka sayo mini," in ji shi. "Sabuwar ƙota ta icen China, maratayi na fata, da madubin nan da ake ɗorawa a sama mai jawo nesa kusa."

Na ce, "Sarki, ni fa ɗan takalma ne."

"Ƙasar da ta ƙera agogo mai kiran salla ita za ta rasa ƙota?"

Ya zaro igiya, ya auna daga gwiwar hannunsa zuwa kan yatsansa, ya ƙulle. Wai haka ubansa ya auna tasa, kuma in aka ƙara ko tsawon farce kada in dawo garin.

A unguwar Dengfeng na sauka, wurin wani aminina mutumin Maraɗi da ya daɗe a can. Ban gaya masa aiken ba, don ni a ganina mai aji huɗu ba ya bukatar tafinta. Babu wanda ya taɓa sanar da ni cewa a ƙasar nan ko bindigar wasa in ta cika kama da ta gaske sai ta ja wa mutum magana.

Maratayi bai ba ni wahala ba, ɗamarar wando na saya a kasuwar Zhanxi, mai kauri. Ƙota ce ta fara tsufar da ni. Na sami wani mai aikin katako, na ce nihao, gaisuwarsu ke nan, na miƙe masa igiya. Ya auna, yana murmushi, ya nuna mini ƙafar kujera. Na ce a'a. Ya nuna sandar dogarawa, har da kallon gwiwoyina, marar kunya. Sai na zana masa abin a jikin kwali. Murmushin ya ɗauke. Ya yayyaga kwalin, yana "Meyo, meyo," wato babu, ya raka ni har titi. Shago biyar na shiga ranar, meyo biyar na kwaso.

Washegari na tafi neman madubi. Matar shagon ta fito mini da na kallon tsuntsaye, mai ido biyu. Na ce ido ɗaya nake so. Ba ta gane ba. To, me mai hankali zai yi? Na ɗaga lemata na dafa a kafaɗa, na kanne ido, na saita ƙofa, na ce, "Tau!"

Har yau ban san daga ina masu gadin nan suka ɓullo ba. Aka zaunar da ni a wani ɗaki, aka buɗe lemar aka rufe ta ya fi sau goma, aka ajiye igiyar Sarki a kan tebur ana kallonta kamar maciji. Sai da aka kira mutumin Maraɗi ya zo da takardunsa, yana ta laoban, laoban, wato maigida, yana rusunawa, kafin aka sake ni bayan la'asar.

"Alhaji," ya ce da muka fito, "shekaruna nawa a garin nan ko harara ba a taɓa yi mini ba. Kai ka zo da lema za ka mai da ni Maraɗi!"

A gidan abinci na kwashe labarin duka na gaya masa, ina huci. Ya tsame hannu daga tuwo.

"Zabuwar nan, ina take tsaye?"

"Kamar daga nan zuwa ƙofar can."

"Da ya zo gidanka, ya gane ka daga nesa?"

Na tuna ranar ya yi wa babur ɗina da ke lulluɓe da buhu sallama, har da tambayar iyali.

"To, bindigar lafiyarta lau," in ji shi.

Tabarau dozin guda muka saya, kowanne da ƙarfinsa.

Da na zube su a gaban Sarki, ya tashi tsaye. Wai ya aike ni kayan maza na kawo masa kayan malaman makaranta. Na ce ya gwada ko ya bari, ni dai an kusa ɗaure ni. Ya sa na farko ya yar. Na biyu ya ce jiri. A na biyar ya kalli bishiyar ƙofar gida, ya juyo ya ƙare mini kallo.

"Ashe haka ka tsufa?"

Godiyar da na samu ke nan. A farautar gaba ya dawo da zabi uku a rataye, samarin suka haɗiye maganarsu. Tabarau ɗin kuwa yana zame masa, sai ya ɗaure shi ta ƙeya da igiyar nan tasa, ƙullin yana nan.

Tun daga ranar, in aka aike ni gyaran wani abu, sai na fara ƙare wa mai aiken kallo tukuna. Lema kuma ko ruwa ake da ƙanƙara ba na riƙewa.